Marsiyyar mai tsaron gida: amsa ga wani matashi daga Daura

Tambaya: Malam, ni ɗan Daura ne. Abokina, golan ƙungiyar unguwarmu, ya yanke jiki ya faɗi muna tsakiyar atisaye bayan la'asar, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekararsa 22. Nan da wata guda za mu buga wasa don tunawa da shi, ina so in karanta waƙa kafin a take ƙwallo. Kawuna ya ce wannan kukan mutuwa ne irin wanda addini ya hana. Haka ne? In ba haka ba ne, yaya ake yin ta? Ga abin da na fara:

Mutuwa mai yankan ƙauna, kin ci amanarmu,
Kin ɗauke zaki, gwarzon da babu kamarsa.
Duniya ba gidan zama ba ce, 'yan'uwa,
Kowa ya shirya, mutuwa rigar kowa.

Amsa: Ɗana, yaya haƙuri? Allah ya jiƙan abokinka, ya gafarta masa, ya sa kwanciya hutu ce. Allah ya ba mahaifansa juriyar rashi, ku ma da kuka gan shi yana faɗuwa Allah ya sanyaya muku, domin wanda ya gani da idonsa ba ya barci irin na wanda aka ba labari. Na daɗe ina koyar da rubutacciyar waƙa a nan Katsina, kuma babu darasin da nake jin nauyinsa kamar marsiyya, wato waƙar da ake yi wa mamaci, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Mu fara da kawunka, shi ne babba, kuma bai yi magana a banza ba. Abin da addini ya hana sananne ne, malamai na ce masa niyaha: kururuwa a kan gawa, marin fuska, yayyaga tufafi, da furta kalaman da ke nuna ba a yarda da hukuncin Allah ba. Hawaye da ɓacin rai ba su cikin wannan. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake barin duniya yana ƙaramin yaro, idanun Annabi sun zubar da hawaye, ya kuma bayyana cewa ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Hadisin na cikin Buhari, kuma shi ne iyakar gonar mai marsiyya. Cikin gonar nan akwai fili mai yawa. Hassanu ɗan Sabitu, mawaƙin Annabi, ya yi wa Hamza marsiyya bayan Uhudu, ya yi wa Annabi kansa bayan wafatinsa. A ƙasarmu, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'isha. Ba wanda zai koya wa Nana Asma'u iyakar shari'a. In ka gama waƙarka, kai ta wurin kawun ka ce ya duba maka. Dattijon da aka nemi shawararsa ya fi saurin sauka a kan wanda aka yi wa gardama.

Amma ka sani, ɗangonka na farko, wato layin farko na waƙarka, ya ba kawunka gaskiya. "Kin ci amanarmu" ba magana ce da za ta fito daga bakinka ranar nan ba. Mutuwa ba ta ɗauki amanar kowa ba balle ta ci, 'yar aike ce, wanda ya aiko ta kuwa ba a tuhumarsa. Ana iya yi wa mutuwa magana a waƙa kamar mutum, wannan salo ne da muke kira mutuntarwa, kuma tsofaffin mawaƙa sun yi shi da yawa. Kana iya ce mata ta yi sammako, ta zo ba sallama, ba ta jira an tashi wasa ba. Zagi da tuhuma ne ba a yi.

Wannan gyara ne mai sauƙi. Babbar matsalar ita ce na karanta ɗangwayen nan huɗu sau uku ban ga abokinka a ciki ba. Cire waƙar ka kai ta gidan wani attajiri da ya rasu yana da shekara 80, za ta zauna daram. Kai ta gidan soja, ko direba, ko mai unguwa, haka. Waƙar da ta dace da kowane mamaci ba ta kowa ba ce. Ba kai kaɗai ke yin haka ba. Bayan hatsarin 31 ga Mayu 2025, lokacin da motar 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa gada aka rasa mutum sama da 20, na karanta waƙoƙin da matasa suka riƙa sakawa a Facebook. Zuciya ce ta rubuta su, ba shakka, amma yawancin waɗanda na gani rigar kowa ce da yankan ƙauna, ba fuskar ko mutum ɗaya.

Ni ma a nan na taɓa faɗuwa, kuma ban manta ba. Shekarun baya ina koyarwa a wata sakandare, wani ɗalibina ɗan wasan gaba ya rasu a hatsarin babur suna dawowa daga wasa. Na zauna dare biyu na tsara baiti 40, ƙwar biyar-biyar, wato ɗango biyar a kowane baiti, kari, wato awon waƙar, bai karye ko sau ɗaya ba. Na kawo ƙarewar duniya, na kawo kabari da tambayar mala'iku, na kawo sarakunan da suka shuɗe. Bayan kwana biyu na je gidan, mahaifinsa ya yi mini izini na tsaya a zaure, mahaifiyar tana daga ciki tana ji. Da na gama sai aka yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya yi albarka, Malam. Wa'azi ya yi kyau. Sai dai ban ji yarona a ciki ba." Daga nan ta fara magana, kamar da kanta take yi. Ta ce shi ke wanke rigar wasansa da dare, ba ya yarda ƙannensa su taɓa, ya shanya ta a kan igiya ta bayan madafa don kada hayaƙi ya kama ta. Ta ce ba ya fita fili sai ya cika mata randa, in ya makara da gudu yake ɗebo ruwan yana zubar da rabi a hanya. Ta ce har ranar nan in ta ji an jingina keke a bango sai gabanta ya faɗi. Cikin minti biyar matar nan ta yi marsiyyar da na kasa yi a dare biyu. Na koma gida na yaga tawa, na sake wata mai baiti 12 daga abin da ta faɗa.

Tun daga ranar, duk ɗalibin da ya zo mini da marsiyya, sai in ce ya ajiye waƙar tukuna, ya ɗauki takarda ya rubuta abu goma da ba wanda ya sani game da mamacin sai wanda ya zauna da shi. Kai ma shi za ka yi yau. Yaya yake ɗaure takalmi? Me yake cewa in 'yan baya sun bar masa fili? Wane ɓangare ya fi iya faɗawa, dama ko hagu? Safar hannunsa saya ya yi, ko karo-karo kuka yi, ko kwance ce wani ya ba shi? Wa ke ɗinke ta in ta yage? Wace sana'a yake yi da safe kafin ya zo fili? In an ci shi, fushi yake yi ko dariya? In an tashi wasa, ina kuke tsayawa shan ruwa, wa ke biya? Cikin goman nan, uku ko huɗu ne za su shiga waƙa, kuma za ka gane su da kanka, don su ne waɗanda in ka zo rubutawa hannunka zai tsaya.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Dubi yadda Sahabi Habbabu ya tuna Mus'abu ɗan Umairu, saurayin da ya tashi cikin gata da tufafi masu tsada a Makka, ya yi shahada a Uhudu. Bai jera masa sunayen jarumta ba. Cewa ya yi ba su sami abin da za su yi masa likkafani ba sai mayafi guda, in sun rufe kansa ƙafafu su fito, in sun rufe ƙafafu kai ya fito, har Annabi ya ce a rufe kan, a sa ciyawa a ƙafafun. Sama da shekara 1,400 ke nan, kuma har yau in mai wa'azi ya kawo wurin nan sai ka ji masallaci ya yi tsit. Haka Hansa'u, mawaƙiyar Larabawa da ta shahara da kukan ɗan'uwanta Sahru: abin da aka fi riƙewa daga gare ta shi ne cewa fitowar rana na tuna mata da shi, faɗuwarta ma haka. Ta ɗaure baƙin cikinta a jikin lokaci, lokacin da kowa ya sani. Kai ma kana da naka lokacin, bayan la'asar, sa'ar da ake fitowa fili.

Marsiyyar ɗan wasa tana da wata wahala ta daban, kuma ita ce ta jefa ka cikin "zaki" da "gwarzo". Duk kalmomin da Bahaushe ya tanadar wa mai ƙarfi na kirari ne. Daga fagen dambe da kokawa muka gaje su, inda makaɗi ke zuga ɗan wasa da kalangu har tsikar jikinsa ta tashi ya fito yana kirari. Masu sauraron makaɗin dambe Ɗan Anace sun san yadda yake cika waƙar ɗan dambe Shago da ambaton mutuwa da kabari, amma can mutuwar barazana ce ga abokin karawa, ana ambatonta ne don a tsorata wani a zuga wani. Kirari na mai rai ne, ana yin sa ne don mutum ya tashi. In ka ɗauko shi ɗanye ka yi wa wanda ba zai tashi ba, sai ya zama kamar kiɗa a gidan makoki. Ban ce ka jefar da shi ba, domin yaron ɗan wasa ne, kuma rage masa wannan rage masa hakki ne. Juya shi ake yi. Ka kawo kirarin a ɗango na farko yadda 'yan kallo suka saba jin sa, sai ɗango na biyu ya sauke shi ƙasa. Ƙarfin waƙar na tsakanin biyun: jikin da ke tashi sama jiya, yau ga shi an miƙar.

Akwai wani lallashi da nake so ka guje masa. A 1896 wani mawaƙin Ingila, A. E. Housman, ya fitar da waƙa a kan ɗan tseren da ya mutu da ƙuruciya, har yau ana karanta ta a makarantu. Ya haɗa rana biyu, ranar da mutanen gari suka ɗauko yaron a kafaɗa suna murna don ya ci tsere, da ranar da suka ɗauke shi a kafaɗa zuwa kabari. Haɗin ya yi kyau, duk wanda ya taɓa kama makara zai gane shi. Amma abin da ya gina a kai, wai yaron ya yi dabara da ya tafi tun sunansa bai dushe ba, tun wani bai karya tarihinsa ba, ban yarda da shi ba, kuma ba zai shiga kunnen uwa a Daura ba. Ita ba kofi ta haifa ba. Da za a tambaye ta, ta fi son ya tsufa ba wanda ya san sunansa, yana shigowa da yamma yana gaishe ta. Mu lallashinmu ɗaya ne: kwanansa ne ya ƙare, wanda ya ba da shi ya karɓa, muna roƙa masa rahama muna fatan saduwa.

Sai maganar gini. Kada ka ɗauko ƙwar biyar, nauyinta ya fi ƙarfin mai farawa, kuma tana tilasta wa mutum ciko. Ɗauki 'yar tagwai, wato ƙwar biyu, ɗango biyu a kowane baiti, amsa-amo ɗaya a ƙarshen ɗango na biyu tun daga farko har ƙarshe. Baiti 12 zuwa 15 sun isa. Mutane za su kasance a tsaye cikin rana, minti uku zuwa huɗu ne naka. Zaɓi amsa-amon da Hausa ke da shi da yawa, kamar "wa" ko "ba" ko "na", don kada neman kalma ya kai ka inda ba ka yi niyya ba. Wajen kari kuwa, gaɓoɓin Hausa iri biyu ne, mai sauƙi kamar ka, da, ta, da mai nauyi kamar kan, dai, ko wadda ke da dogon wasali. Jera su bisa tsari shi ne kari. Ga marsiyya ina son Mutaƙarab, mai sauƙi ɗaya sai masu nauyi biyu, sau huɗu a ɗango, saboda tafiyarsa a natse take kamar ta masu rakiya. Ga misali na tsara maka daga ɗan abin da ka faɗa, sauran kuma na ƙaddara ne kawai, kai za ka musanya da na gaskiya:

Ina duba hanya idan an yi salla,
Abokai suna nan, ina mai tahowa?

Gwanin kama ƙwallo, katangar garinmu,
Kiran nan da yaz zo, ina mai tarewa?

Safar hannuwan nan da kullum kake sa,
Tana nan a ƙusa, ina mai cirewa?

Uwa ta zuba ma tuwo ta rufe shi,
Dare ya yi nisa, ina mai shigowa?

Ilahi ka yafe wa bawanka laifi,
Ka dube shi, Sarki, a ranar tsayawa.

Karanta ɗangon farko a hankali kana buga yatsa: i-naa-duu, ba-han-yaa, i-dan-an, yi-sal-laa. Ka ji yadda ƙafa huɗun suka zo daidai. "Yaz zo" na sa maimakon "ya zo" don gaɓar ta yi nauyi, kuma ba baƙon lafazi ba ne a kunnen mutanen yankinmu. "Ranar tsayuwa" aka saba cewa, kari ne ya sa na ce "tsayawa", kuma an yarda wa mawaƙi irin wannan muddin ma'ana ba ta ɓace ba. Baiti na biyu shi ne juyin kirarin da na gaya maka: an kira shi katanga, sai ga kiran da katanga ba ta tarewa, kuma cikin tambayar akwai sallamawa ga Allah ba tare da an tsaya wa'azi ba. Lura kuma babu inda na ce "muna baƙin ciki" ko "zuciyarmu ta karaya". Tuwon da aka rufe ya faɗi wannan. In ka nuna wa mutum kwanon, ba sai ka ce masa ya yi kuka ba.

Kada aruli, wato ilimin awon waƙa, ya tsorata ka. Da yawa daga mawaƙanmu ba su zauna sun ƙirga gaɓa ba, karin murya suke kamawa su riƙa ɗora kalmomi a kai. Rera baitin farko har muryar ta zauna maka, sannan duk ɗangon da ka rubuta ka rera shi da ƙarfi a kan muryar nan. Inda harshenka ya yi tuntuɓe, ko ka ji kana jan wata gaɓa fiye da kima, nan ne ya karye. Ka buɗe da sunan Allah da salati a baiti ɗaya, kada ka wuce haka. Ka rufe da addu'a. Magabata kan sa shekarar waƙa a ƙarshe da haruffa, abin da ake kira ramzi, kai ka faɗi ranar da shekarar a fili ya wadatar, don wata rana ƙanensa zai nemi sanin yaushe ne. Sunansa kuma dole ya fito. Na san 'yan ƙwallo kowa da laƙabin wani ɗan wasan Turai da ake kiransa da shi a fili. Kawo laƙabin sau ɗaya don abokai su ji nasu, amma a baitin addu'a ka kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna, haɗe da na mahaifinsa.

Wa'azin da ka fara da shi, baiti ɗaya ya ishe shi, ko ma ka bar wa liman. Mutanen da suka ga saurayi ɗan shekara 22 ya faɗi a gabansu ba su buƙatar a gaya musu duniya ba gidan zama ba ce. Haka "babu kamarsa" da "da ya yi rai da ya buga a Turai". Kambamar zulaƙe na da wurinta a waƙar yabo, amma a marsiyya tana sa mai sauraro ya fara auna magana maimakon ya tuna mutum. In ya taɓa tare bugun fenariti a wani wasa da unguwa ba ta manta ba, faɗi wannan, da sunan filin. Kada kuma ka yanke masa Aljanna ko ka kira shi shahidi da bakinka, roƙa masa za ka yi. Halinsa na ɗan Adam, irin faɗan da yake yi wa 'yan baya in sun yi sakaci, yana iya shiga, yana ma sa a yi murmushi cikin hawaye. Abin da zai zama tonon asiri ne ba ya shiga, Annabi ya hana zagin matattu, sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Wani abu kuma da na san yana yawo a bakin fili duk lokacin da irin wannan ta faru: an yi masa jifa, 'yan ƙungiya kaza ne, an binne wani abu a raga. Ina roƙonka kada ko inuwar wannan ta shiga waƙarka. Habaici ɗaya a gaban taron matasa masu zafin rai ya isa ya haddasa gabar da za ta shekara goma tsakanin unguwa biyu, kuma da sunan abokinka za a yi ta. Faɗuwar ɗan wasa a fili abu ne da likitoci suka sani. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta 1989, Najeriya na wasa da Angola, yana da shekara 25. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Liyon ta Faransa a Yunin 2003, bincike ya nuna naman zuciyarsa ne ya yi kauri fiye da kima, ciwon da kan ɓoye a jikin mai ƙarfi har sai ranar da ya yi aikinsa. A Maris 2020 Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya, a wasansu da Katsina United ɗinmu. Shi kuwa Christian Eriksen na Denmak da ya faɗi a 2021, an ceto shi ne saboda nan take aka hau danna masa ƙirji aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya. Na kawo wannan ne don abu biyu da ba na waƙa ba. Wasu cututtukan zuciyar gado ne, don haka ka lallaɓa wani babba a gidan ya sa a kai 'yan'uwansa a duba zuciyarsu, musamman masu buga ƙwallo. Ku kuma ku nemi ma'aikacin lafiya ya zo fili ya koya wa koci da 'yan wasa yadda ake danna ƙirji. In kana da ƙorafi a kan rashin mota ko jinkirin da aka yi, rubuta shi daban ka kai inda ya dace. Marsiyya ba ta ɗaukar ƙara.

Kafin ranar wasan, je ka gaida mahaifinsa ka nemi izini, ka gaya masa abin da za ka karanta. Mahaifiyar ta riga kowa ji, ko ka karanta mata in an yi maka iso, ko ka ba 'yarta ta karanta mata. In ta ce a cire wani abu, cire shi ko da shi ne baitin da ka fi so, musamman wanda ya ambace ta. Kada ta tsinci waƙar ɗanta a wayar maƙwabta. In za ku saka a WhatsApp ko Facebook daga baya, ku sa hotonsa yana tsaye cikin rigar wasa. Bidiyon faɗuwarsa, in wani ya ɗauka, a goge shi. Ban kuma so ka kai ta situdiyo a ɗora mata kiɗa da gyaran murya. Wannan ra'ayina ne, wasu za su saɓa mini, amma na ga yadda kiɗa ke mayar da marsiyya abin rausaya kai, kuma shi ne zai tabbatar wa kawunka zarginsa.

Ranar, bari liman ko wani dattijo ya fara yin addu'a, sannan kai. Ka tsaya a bakin ragar da yake tsarewa, ƙungiyoyin biyu su jeru tare, kada kowa ya tsaya a tsakanin sandunan. Rera ta a hankali, ka riƙa numfasawa tsakanin baiti da baiti. Ba wa kyaftin ɗinku kwafi ya riƙe, domin mai yiwuwa muryarka ta sarƙe a baiti na uku ko na huɗu, in ta sarƙe ka yi shiru ya ƙarasa. Takardar da ka rubuta da hannunka kuwa, bayan an tashi ka kai wa mahaifiyarsa.

Rubuta abubuwa goman nan yau da dare, ka tsara baitocin cikin mako guda, ka aiko mini in duba maka karin. Ka gaishe mini da kawun, ka kuma isar da ta'aziyyata ga gidan.